Ina Ikon Biro Ya Tsaya? Bayani Ga Membobin Ƙungiya Da Jama'ar Masallaci

  

'Yan'uwa, yau da wuya mutum ya shiga unguwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya tarar da masallacin Juma'a ko makarantar Islamiyya da ba ta da kwamiti, wanda muka fi sani da biro. Da can ba haka abin yake ba. Liman ne da mai unguwa da attajirin da ya gina masallacin ke zama a zaure su yanke magana. A 1974, zamanin Seyni Kountché, aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, kuma ta daɗe kusan ita kaɗai hukuma ta sani. Sai bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yawaita, kowace da shugabanta da magatakardanta da ma'ajinta. Sunayen muƙaman nan mun karɓe su da sauri. Abin da bai zauna mana da irin wannan saurin ba shi ne sanin inda ikon kowane muƙami ya ƙare. Daga nan ne ake samun jama'ar da suka shekara goma suna sahu ɗaya, rana guda su rabu a kan fili ko asusu, wasu su tafi su kafa nasu masallacin bayan gida biyu.

Mu fara da tushe. Biro ba shi ne ƙungiya ba. Ƙungiya ita ce membobinta, waɗanda suka yi rajista, suke biyan kuɗin wata, suke zuwa babban taro. Tunda mutum ɗari uku ba za su iya haɗuwa duk ranar da famfon alwala ya lalace ba, sai suka zaɓi mutum tara ko goma sha ɗaya daga cikinsu suka ce ku riƙe mana. A fiƙihu wannan sunansa wakilci, wato wakala, kuma babi ne sananne ga duk wanda ya zauna gaban malami da Muhtasar na Shehu Halil. Wakili yana aiki da ikon da aka ba shi aro. Bai mallaki dukiyar ba, bai kuma mallaki hukuncinta ba sai gwargwadon abin da mai ita ya sakar masa.

Malamanmu na Malikiyya sun raba wakili gida biyu. Akwai wanda aka sakar wa ragama gaba ɗaya, akwai wanda aka keɓe wa aiki sananne. Biron ƙungiya yana cikin kashi na biyu, domin akwai takarda da ta faɗi aikinsa: dokokin ƙungiya da aka karanta aka amince da su ranar kafa ta, da dokar cikin gida da ke bayanin yadda za a tafiyar da su. Wasu na ɗaukar takardun nan tamkar tsarin Nasara ne da aka cika don a sami izinin hukuma, a jefa a akwati. Wannan kuskure ne. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙullen alkawari, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Musulmi suna ɗaure da sharuɗɗan da suka gindaya wa junansu, matuƙar sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Wanda ya karɓi shugabanci a kan an ce shekara uku, kuma ba ya taɓa abin da ya wuce jika 500 sai da yardar taro, to ya karɓa ne da waɗannan sharuɗɗan, kuma saɓa musu saɓa alkawari ne ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin da biro ke yi ba tare da ya tambayi kowa ba yana da yawa, kuma bai kamata a takura shi a ciki ba: biyan kuɗin wuta da ruwa, alawus ɗin ladan da malaman makaranta kamar yadda aka tsara, gyaran lasifika, sayen tabarmi, shirya tafsirin azumi, amsa wasiƙun hukuma. Wannan shi ne dalilin zaɓensa. A nan wakili amintacce ne a idon shari'a. In kuɗi suka salwanta a hannun ma'aji ba da sakacinsa ba, kamar a fasa ofis a sace, ba a ɗora masa biya.

Sai dai amanar nan tana da sharaɗi, kuma Ibnu Abi Zaid ya kawo shi a Risala: wanda aka umarta ya kai wa wani kuɗi, ya ce ya kai, wancan ya musanta, to mai kaiwar ne zai kawo shaida, in ba haka ba ya biya. Ashe rasit ba bidi'ar 'yan boko ba ce. Ma'ajin da ya miƙa wa magini jika 300 a bakin masallaci bayan la'asar, ba takarda ba shaidu, ya jefa kansa cikin lamuni da hannunsa. Kuma memban da ya tashi a taro ya ce a nuna masa rasit bai zargi kowa da sata ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne ayyukan da suke da kama da na yau da kullum amma a haƙiƙa sun wuce hurumin biro. Sayar da fili ko gidan ƙungiya. Cin bashi da sunanta. Jinginar da takardar fili. Ƙara kuɗin wata. Sauya wata ƙa'ida a dokoki. Haɗe ƙungiya da wata, ko shigar da ita ƙarƙashin wata babbar ƙungiya ta waje saboda an yi alkawarin tallafi. Duk waɗannan suna taɓa asalin dukiya ko asalin yarjejeniya, don haka na masu ƙungiya ne, wato babban taro. Ma'aunin da za a iya riƙewa mai sauƙi ne: in abu ne da biron da zai zo nan gaba ba zai iya warware shi ba, to biron yau ba ya ƙulla shi shi kaɗai. Tabarma in ba ta yi ba a sauya ta baɗi. Fili in ya tafi ya tafi.

A ce wani biro ya ga fili kusa da makaranta ana sayarwa da araha, miliyon 4 na sefa, mai shi kuma yana gaggawa. Taro ya ba su izinin kashe miliyon 2 ne kawai a kan gini. Suka saya, suka ce alheri muka gani. Mene ne hukunci? Masu kare irin wannan sukan kawo ƙissar Urwatul Bariƙi da ke cikin Buhari, wanda Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Ƙissar gaskiya ce, amma a duba ƙarshenta da kyau: Urwatu ya dawo ya ajiye komai a gaban mai dukiya, mai dukiya ya yarda. Da irin wannan ne malaman Malikiyya suka ce cinikin wanda ya yi shisshigi cikin dukiyar wani yana nan a rataye har sai mai ita ya amince. In ya amince ya zartu, in ya ƙi ya warware. Wakilin saye kuwa da ya zarce farashin da aka yanka masa da tazara mai yawa, in wanda ya aike shi bai karɓa ba, kayan sun zama nasa, kuɗin kuma a wuyansa. Saboda haka biron da ya sayi filin nan abin da ke kansa shi ne ya kira taro da gaggawa, ya faɗi abin da ya yi ba ɓoye-ɓoye, ya kuma shirya jin a'a. Abin da ba ya halatta shi ne a yi shiru har taron shekara, a cusa miliyon 4 cikin lissafi ƙarƙashin "ayyuka daban-daban".

Akwai kuma wata iyaka da ta fi wannan tsauri, wadda ko babban taron kansa bai isa ya ɗaga ta ba, ko da kowa ya ɗaga hannu. Ita ce dukiyar da aka bayar da sharaɗi. Asalin wakafi, wanda littattafanmu ke kira hubusi, shi ne gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, ya tsayar da ita a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta na mabuƙata ne, mai kula da ita kuma ya ci daidai da abin da aka saba. A mazhabar Malik ba a sayar da gida ko filin hubusi ko da ya zama kango, sai a wurare ƙalilan da malamai suka togace, kamar faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. To in wata baiwar Allah ta bar shaguna uku ta ce hayarsu ta marayu ce, biro ba shi da ikon juya hayar zuwa sayen janareta, taro ma ba shi da shi, domin dukiyar ba ta membobi ba ce balle su yafe.

Haka zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya gida takwas da ake kai ta, kuma a mazhabarmu gina masallaci ba ya cikinsu. Kwamitin da ya tara zakkar 'yan kasuwa ya zuba ta a rufin kwano saboda damina ta matso ya warware wata matsala, ya buɗe wadda ta fi ta. Shi ya sa muke ganin wajibi ne a raba littattafan lissafi: na zakka daban, na hubusi daban, na sadakar gini daban, na kuɗin wata daban. In aka zuba su a tukunya ɗaya, ko waliyyi aka ba ajiya sai ya ruɗe.

Sai maganar da ba a cika son ji ba, wato amfanin kai. Halil ya hana wakilin sayarwa ya sayar wa kansa abin da aka wakilta shi a kai, ko ya sayar wa yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, saboda mutum ba ya zama mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya zuciyarsa ta tsaya daidai. Idan shugaban biro yana da shagon siminti, ba haramun ba ne ƙungiya ta saya a wurinsa, wataƙila ma ya fi kowa sauƙi. Amma ba shi zai yanke ba. Ya faɗi a fili cewa shagon nasa ne, ya fita daga zaman, sauran su gwada farashinsa da na wasu, a rubuta. Kyauta ma haka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan shi aka ba kyauta. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin abin, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da an ga ko kyautar za ta same shi. Ragon da ɗan kwangila ya aiko gidan ma'aji ana jibi Sallah, muƙamin aka aiko wa, ba ma'ajin ba.

Wa'adi kuwa shi ne iyakar da ta fi kowace bayyana, kuma ita aka fi tsallakewa cikin ruwan sanyi. Ba wanda ke cewa na ƙi sauka. Abin da ake ji shi ne bari a gama ginin bene, bari azumi ya wuce, yanzu lokacin aikin gona ne mutane ba sa gari. Shekara uku ta zama bakwai. Wakilcin da aka ɗaure da lokaci yana ƙarewa da ƙarewar lokacin, kuma abin da ya rage wa biron da wa'adinsa ya cika shi ne riƙon ƙwarya: ya biya wuta, ya tsare dukiya, ya kira zaɓe. Ba ya buɗe sabon aiki, ba ya korar kowa, ba ya kuma gyara dokoki don ya ƙara wa kansa kwana. Mu tuna Sayyidina Umar, a shekara ta 23 bayan hijira, yana kwance da raunin da ya yi ajalinsa, ya sa mutum shida su zaɓi halifa a tsakaninsu: Usman, Ali, Ɗalha, Zubair, Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Dukkansu suna cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna, amma duk da haka ya yanka musu kwana uku. In an sa wa irin waɗannan wa'adi, ba raini ba ne a sa wa alhajin unguwarmu.

Korar memba ma ana yawan yinta da fushi. Mutum ya yi tambaya mai zafi a taro, mako na zagayowa a cire sunansa daga rajista a ce ya raina shugabanni. Yawancin dokokin ƙungiyoyi suna ba biro ikon gargaɗi ko dakatarwa na ɗan lokaci, su bar kora ta dindindin ga babban taro. Ko da dokokinku sun ba biro ikon korar, sai an faɗa wa mutum laifinsa an saurare shi. Lokacin da Annabi (SAW) ya aika Sayyidina Ali Yaman alƙalanci, wasiyyar da ya yi masa ita ce kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Kuma wanda ake ƙara saboda ya soki shugaba, bai dace shugaban ne zai jagoranci zaman hukunta shi ba. Wannan duk a kan zama memba ne. Masallaci kuwa ɗakin Allah ne, biro ba ya hana Musulmi salla a cikinsa don sun saɓa a kan lissafi.

Tsakanin biro da liman akwai buƙatar taka-tsantsan ta musamman, domin a masallatai da yawa liman ya riga biron zuwa, wani ma gadon limancin ya yi. Biro yana kula da gini da kuɗi da tsari. Ba shi ke gaya wa liman abin da ya halatta da abin da ya haramta ba, kuma riƙe alawus don a tanƙwara huɗuba cin amana ne. Shi ma liman ba ma'aji ba ne, kuma mutuncinsa ya fi tsira in hannunsa bai taɓa asusu ba. Cire liman sai da dalili na shari'a da ya tabbata, ta hannun wanda dokoki ko mai wakafin suka ba wannan ikon, bayan an ji ta bakin jama'ar da ke binsa salla. Hadisin da ya yi gargaɗi ga mai limancin mutanen da ke ƙinsa, malamai sun fassara shi da ƙi saboda addini, ba don ya ƙi zuwa walimar shugaban kwamiti ba.

Kada membobi su ji wannan bayani su ɗauka an ba su sanda. Iyakar tana da fuska biyu. Abin da biro ya yanke a cikin huruminsa ya hau kan kowa, har wanda bai zaɓe shi ba. Mutum biyar a majalisar shayi ba su ne babban taro ba, rukunin WhatsApp ma ba shi ba ne, komai yawan saƙon murya. Attajirin da ya ba da rabin kuɗin gini yana da ladansa wurin Allah da girmansa wurinmu, amma ranar ƙuri'a hannu ɗaya yake ɗagawa. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: biro da yawa sun faɗaɗa ne saboda an bar musu filin. A kira taro mutum ɗari uku, ashirin su zo, a ɗage, a sake kira sha biyar su zo. Wanda bai zo taro ba, bai biya kuɗin wata ba, bai taɓa karanta dokokin ba, shi ne kuma ya fi kowa murya ranar da abu ya ɓaci. Ɗalibai musamman, ku da kuke karanta Faransanci da Larabci, ku ne ya kamata ku nemi dokokin nan ku fassara wa iyayenmu su da Hausa, a karanta su a bainar jama'a ko sau ɗaya a shekara.

Hukuma ma tana da nata ido a kai. A Nijar dokar da aka daɗe ana rajistar ƙungiyoyi a ƙarƙashinta ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991. Ana ajiye dokokin ƙungiya da sunayen shugabanninta a hannun hukuma, izini ya fito daga ofishin ministan cikin gida, kuma in an sauya shugabanni ko dokoki sai an sanar. Ma'anar wannan ita ce ranar da rigima ta kai gaban alƙali, takardar da aka ajiye ita za a buɗe, ba abin da aka saba yi ba. 'Yan'uwanmu na Kamaru suna ƙarƙashin doka mai lamba 90-053 ta 19 ga Disamba 1990, inda ƙungiyar addini sai da izinin shugaban ƙasa. A Gana ƙungiyoyi da yawa suna rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019 a matsayin waɗanda ba a raba ribarsu ga membobi. A Najeriya kuwa dokar kamfanoni ta 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya buɗe hanyar dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙo in an sami almundahana ko rashin iya tafiyarwa, har ya ba kashi ɗaya cikin biyar na membobi damar kai ƙara a kan haka. Shugabannin addinai sun yi ta ƙorafi a kan sashen, kuma damuwarsu abin fahimta ce, domin ba mai son a naɗa wa masallaci ko coci mai riƙo daga waje. Sai dai ƙungiyar da ke binciken kanta da kanta ba ta cika ba wa na waje ƙofar shiga ba.

To in biro ya ƙetare iyaka, me memba zai yi? Ya fara da samun shugaba shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, domin sau da yawa rashin sani ne, kuma dattijo ya fi saurin gyara abin da ba a kunyata shi a kai ba. In bai ji ba, a rubuta wa biro wasiƙa, a ambaci ƙa'idar da aka saɓa da lambarta, a riƙe kwafi. In ƙungiya tana da masu binciken kuɗi, waɗanda taro ya zaɓa ba biro ya naɗa ba, a kai musu. Daga nan sai neman taron gaggawa: a duba adadin sa hannun da dokokinku suka ce a tara, a tara su daga membobin da suka biya kuɗinsu, a rubuta abin da za a tattauna tun a takardar kira don kada a zo a ce ba a shirya ba. A gayyaci malamai biyu ko uku daga wajen ƙungiyar, waɗanda ɓangarorin biyu suka yarda da su, su zauna shaida. Ranar taron a rubuta sunan duk wanda ya halarta, a ƙirga hannuwa da babbar murya, magatakarda ya karanta abin da aka yanke kafin a tashi, a sa hannu a wurin. Kotu tana nan ga wanda duk waɗannan suka gagara, amma kafin a kai can a tabbata an bi matakan da ke cikin dokokin ɗaya bayan ɗaya, domin su ne abin da alƙali zai fara tambaya.

Allah ne mafi sani.